LL Cool J ya dawo bayan shekara 11: gwaninta ce ko kewar da?

Kawu Kaset:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina lura, duk sanda aka ɗauko zancen tsofaffin mawaƙan gambarar Amurka, wato rap ko hip hop, a nan, sai a yi ta jujjuya Nas da Eminem, a tsallake mutumin da ya riga su duka shiga fage. LL Cool J nake nufi. Shekararsa 16 lokacin da kamfanin faifai na Def Jam ya fitar da waƙarsa ta farko a 1984, kamfanin ma a ɗakin kwanan ɗalibai na Rick Rubin yake a Jami'ar New York. Ranar 6 ga Satumba 2024, yana da shekara 56, ya fitar da The FORCE a wannan kamfani dai, kundin waƙoƙinsa na 14. Tsakaninsa da wanda ya gabace shi, Authentic na 2013, shekara 11 cur. Cikin wannan tazara yara sun taso ba su taɓa ganinsa da makirfo ba. Jami'in bincike na talabijin suka sani, na shirin NCIS: Los Angeles da ya yi daga 2009 zuwa 2023.

A wurina kundin nan ya fi duk abin da ya yi cikin shekara 25 da suka wuce, kuma na san dalili. Mutum ɗaya ne ya haɗa masa kiɗan daga farko har ƙarshe, wato Q-Tip na A Tribe Called Quest. Kafin nan, kamar yadda shi LL ya faɗa da bakinsa a hirarraki, da Dr. Dre ya fara aiki. Da ya zauna ya saurara sai ya ga kiɗan ya yi, rubutunsa ne bai kai ba, ya ajiye aikin gefe, ya koma yana koyon sana'arsa kamar sabon shiga. Wa ke yin haka yanzu? Wa ke da Dr. Dre a hannu ya ce a dakata, ni ne ban shirya ba? Abin da gambara ta rasa ke nan: mai sauraron kansa da kunnen maƙiyi, da furodusan da zai iya kallon tauraro ya ce masa koma ka sake wannan baitin.

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Kawu. Da girmanka da komai, amma wa ya ji kundin? Ya kwaso Eminem, ya kwaso Nas, Snoop Dogg, Busta Rhymes, Rick Ross, Fat Joe, kusan taron tsofaffin ɗalibai, amma ko 10 na farko bai leƙa ba a Billboard 200, jadawalin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Ni dai ban ji waƙa ko ɗaya daga ciki ta kama gari ba. In tsoho ya yi waƙa tsofaffi suka tafa masa, wannan biki ne na cikin gida, ba dawowa ba.

Kawu Kaset:
Ɗana, ni zancen kyau nake, kai kana zancen kasuwa.

Ɗan Auta:
Ai a gambara ba a raba su Kawu. Shi kansa LL da ya sa wa kundinsa na 2000 suna G.O.A.T., yana kirarin babu kamarsa a tarihi, ai da hawa na ɗaya a Billboard ya kafa hujja. Lokacin da lissafi ke bayansa bai ce kasuwa ba komai ba ce.

Malam Lissafi:
Ɗan Auta ya taɓo wuri mai kyau, amma sai an san abin da jadawalin ke aunawa kafin a yanke hukunci da shi. A 2000 mutum zai je kanti ya sayi faifai, a ƙirga masa ɗaya, ko sau ɗaya ya saurara ko sau dubu. Tun Disamba 2014 Billboard ta fara haɗa sauraro ta intanet cikin lissafin kundi. Ƙa'idar da suka kafa a 2018, kafin su sauya ta daga baya, ita ce, sauraro 1,250 daga masu biyan kuɗin wata, ko 3,750 daga masu ji kyauta da talla, shi ne daidai da sayen kundi guda. A Spotify kuwa, waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana juyawa an ƙirga.

To duba abin da wannan ya haifar. Mai son hawa sama sai ya tara waƙoƙi da yawa, gajeru, masu saurin kama kunne. A 2018 kaɗai Drake ya fitar da Scorpion mai waƙa 25, Migos suka fitar da Culture II mai 24. LL waƙa 14 ya yi. Kuma masu sauraronsa magidanta ne, su ji kundin a mota a hanyar aiki, su yaba, su koma harkarsu. Yaro ɗan shekara 17 zai bar waƙa ɗaya tana maimaita kanta tun safe har dare. Jadawalin yanzu yana auna wanda ke da lokacin maimaitawa ne.

Ɗan Auta:
Malam, na ji lissafinka, amma ga nawa. Eminem yana da shekara 51 ya hau na ɗaya a Yuli 2024, shi ne ma ya sauko da Taylor Swift. Clipse, wa da ƙani, Malice ya haura 50, Pusha T yana dab da ita, rabonsu da kundi tare tun 2009, suka dawo a Yuli 2025 da Let God Sort Em Out suka shiga a na 4. Su ba tsofaffi ba ne? Su masu sauraronsu ba su da aikin yi ne? Kar a ɗora wa ƙa'idar Billboard laifin da ba nata ba. Shi dai LL ya tafi talabijin ya bar wurinsa, ya dawo ya tarar an zauna.

Malam Lissafi:
Wannan kam gaskiya ce a ciki. Bambancin shi ne Pusha T bai taɓa barin fage ba, yana ta fitar da nasa kundin shi kaɗai, ya yi gugar zana da Drake a 2018 wadda yara suka bi sau da ƙafa. Shi ya riƙe wa yayansa ƙofa. LL ba shi da mai riƙe masa.

Anti Bilki:
Ni ba lissafi ya kawo ni ba. Maganar Kawu ce ta "abin da gambara ta rasa" ta sa na ajiye abin da nake yi. Yaya, ka manta yadda aka yi wa shi wannan LL ɗin? A 1987 da ya yi I Need Love, waƙar soyayya mai sanyi, mazan fage cewa suka yi ya zubar da mutuncin gambara. A 1989, lokacin da Public Enemy ke maganar halin da baƙar fata ke ciki, shi yana kirarin sarƙar zinare da 'yan mata, har ihu aka yi masa a Harlem. Yana da shekara 22 kacal aka ce ya ƙare, shi ya sa da ya fito da Mama Said Knock You Out a 1990 tare da Marley Marl ya buɗe waƙar da gargaɗin kada wanda ya ce dawowa ya yi. Wato duk zargin da kuke yi wa yaran yanzu, son kuɗi, zancen mata, rashin saƙo, an yi masa shi tas.

Kuma jana'izar gambara an sha yin ta. A 1993 wani limamin coci a Harlem, Calvin Butts, ya tara faifai da kaset a titi da niyyar a bi ta kansu da motar daɓe hanya. A 2006 Nas ya sa wa kundinsa sunan da ke cewa hip hop ta mutu, a daidai lokacin da mawaƙan kudu, Atlanta da Houston da New Orleans, ke cin kasuwarsu. A 2009 Jay-Z ya yi waƙar kashe Auto-Tune, manhajar gyara muryar mawaƙi, ba a jima ba Future da Young Thug suka gina zamani guda a kansa. Kowane ƙarni in ya ga an daina yi da shi sai ya ce abin ne ya mutu.

Kawu Kaset:
Ƙanwata, ban ce ta mutu ba. Cewa na yi an daina tacewa.

Anti Bilki:
An daina tacewa a inda kake kallo. Doechii ta ci Grammy ta kundin rap mafi kyau a Fabrairu 2025, mace ta uku da ta taɓa ci, bayan Lauryn Hill tare da Fugees da kuma Cardi B. Ka zauna ka ji yadda yarinyar nan ke sauya murya da gudu cikin baiti ɗaya, ka ce min ba a tace ba. Ga Rapsody, ga JID, ga Little Simz a Ingila. In ana jero gwanaye a zauren nan sai a yi ta maza 'yan New York na shekarun 1990, kamar daga nan aka naɗe tabarma.

Kuma tunda ana maganar tacewa, a kundin naka ma akwai waƙar da ya yi da Saweetie. Wannan ai tsohon halinsa ne na neman rediyo ya motsa. Dattijo ɗan shekara 56 yana wannan zance, ni dai tsallake ta nake yi.

Kawu Kaset:
Wannan LL ne na asali, sunansa ma kirarin farin jini ne wurin mata. In ya bar wannan gefen gaba ɗaya ai wani mutum ne daban ya dawo.

Mai Sauti:
Ku ba ni wuri in yi maganar kiɗan, don nan ne nake ganin kowa ya wuce da sauri. Abin da Q-Tip ya yi a kundin nan ba kwaikwayon 1993 ba ne, ko da yake da yawa haka suka ɗauka tun kafin su ji. Gangunansa busassu ne, masu ƙarfi, amma ya bar fili a tsakiya, bai cika wurin da tarkace ba, don ya san muryar LL mai faɗi ce, tana son sarari. Akwai wuraren da kiɗan ke juyawa a tsakiyar waƙa ya zama wani abu daban. Ku ji Black Code Suite: ana cikin tafiya sai ga Sona Jobarteh, 'yar gidan makaɗan gado na Gambiya, ta shigo da kora, abin kiɗa mai tsirkiya 21, da muryarta. Ba ado aka yi da ita ba, ƙarshen waƙar nata ne. Wannan shawara ce ta furodusan da ba ya tsoron a ce waƙar ba za ta shiga rediyo ba.

Amma Kawu, inda ban bi ka ba shi ne ɗaukar cewa yara sun bar irin wannan kiɗa don lalaci. Akwai shari'a a ciki, akwai kuɗi. Gambarar da kuke kewa an gina ta ne da yanko guntayen kiɗa daga tsofaffin faifai, a jera su, a ɗora ganga. A ƙarshen shekarun 1980 mutum zai yanko daga faifai 10 ya zuba a waƙa ɗaya ba wanda ya tambaye shi. A 1991 Gilbert O'Sullivan ya kai Biz Markie kotu a New York kan yanko masa waƙa ba izini, alƙali ya ba shi gaskiya, aka janye kundin daga kasuwa. Daga ranar kowane guntu sai an nemi izini an biya, wani lokaci mai tsohuwar waƙar ya ce rabin ribar ko fiye nasa ne. Ku tuna De La Soul: kundayensu na farko ba su hau manhajojin sauraro ba sai Maris 2023, saboda rikicin kwangila da izinin guntayen da ke ciki, kuma ɗaya daga cikinsu, Trugoy, ya rasu makonni kaɗan kafin ranar.

To yaro a Atlanta ko Chicago da ba shi da lauya, me zai yi? Ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio a kwamfuta, ya haɗa kiɗansa da sautin 808, ba ya bin kowa ba a bin sa. Shi ma 808 ɗin ba baƙo ba ne, injin ganga ne da Roland ta ƙera a 1980, Afrika Bambaataa ya yi Planet Rock da shi a 1982. Kundin LL na farko ma, Radio na 1985, injin ganga ne da murya da ƙarce faifai, kusan ba komai bayan haka. Irin kiɗan Q-Tip a yau kayan masu hali ne, sai wanda ke da kamfani da lauyoyi a bayansa, ko wanda ya iya kaɗa kayan da kansa.

Ɗan Auta:
Allah ya saka, Mai Sauti. A faɗa musu dai.

Mai Sauti:
Kar ka yi saurin murna ƙanena, kai ma akwai naka. Sauƙin haɗa kiɗan ya sa dubban yara suna saye ko sauke kiɗa iri ɗaya daga intanet, wanda aka yi shi musamman don ya yi kama da na wani tauraro. Mai kiɗan bai taɓa ganin mawaƙin ba, ta waya aka tura. Wa zai ce wa wa ya sake baiti? Nan maganar Kawu take da ƙarfi. Nas da Hit-Boy sun yi kundi 6 tsakanin 2020 da 2023 suna ɗaki ɗaya, na farkon ya ba Nas Grammy ɗinsa ta farko bayan shekara kusan 30 yana waƙa. Clipse kuma Pharrell ne ya haɗa musu duka. Killer Mike ya kwashi Grammy 3 a dare ɗaya a 2024 yana da shekara 48. Ba tsufan ne ke gyara waƙar ba, zaman ne.

Ummi:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ba wanda ya faɗa, kuma shi ya fi damuna. Ana ta tambaya ina yaran da za su karɓi tuta. Kawu, da yawansu suna kabari. XXXTentacion an harbe shi a 2018 yana da shekara 20. Mac Miller ya rasu a shekarar yana da 26, ƙwaya. Nipsey Hussle an harbe shi a ƙofar kantinsa a Los Angeles a 2019, yana da 33. Juice WRLD a ƙarshen 2019, shekara 21. Pop Smoke, wanda ya dawo wa New York da murya, an kashe shi a Fabrairu 2020 yana da 20, kundinsa na farko ma bayan ransa ya fito. King Von a 2020. Takeoff na Migos a 2022, yana da 28. Young Thug kuma yana tsare daga Mayu 2022 har Oktoba 2024, ana karanta baitocinsa a kotu a matsayin hujja a kansa.

Waɗannan su ne ya kamata a ce yanzu suna kan ganiyarsu. Shi ya sa har yau in an ce manyan fage sai a ce Kendrick Lamar, Drake, J. Cole, alhali an haife su 1987 da 1986 da 1985. Waɗanda ake kira matasan ma sun kai 40 ko sun doshe ta. Tsofaffi ba ƙwace fili suka yi ba, fili suka tarar babu kowa a tsakiyarsa.

Kawu Kaset:
'Yata, wannan magana ta yi nauyi. Mu ma mun ga namu, an kashe Tupac yana da 25, Biggie yana da 24, cikin wata 6. Amma a lokacin mutum biyu ne suka girgiza duniya. Yanzu abin ya zama kamar labarin kowace shekara.

Anti Bilki:
Kuma kamfanonin faifai ba sa asara, kundin mamaci ya fi saurin tafiya. A bar wannan dai, raina ɓaci yake.

Baban Zaure:
Jama'a a ci gaba a hankali, muhawara tana kyau. Wanda ya turo hoton barkwanci kan masu furfura na goge, a kiyaye.

Ɗan Auta:
Ba ni ba ne, ranka ya daɗe. Amma tunda an zo nan, Malam Lissafi, gaya mana gaskiyar labarin da aka yi ta yaɗawa cewa rap ta fita daga 40 na farko.

Malam Lissafi:
Gaskiya ne, a Oktoba 2025 an samu mako da babu waƙar rap ko ɗaya a 40 na farko na Hot 100, jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗaiɗai, karon farko tun Fabrairu 1990. Amma yadda abin ya faru ya fi kanun labarin ban sha'awa. Billboard ta sauya ƙa'idar cire tsofaffin waƙoƙi, ta yadda waƙar da ta daɗe a jadawalin kuma ta fara gangarowa za a fitar da ita da wuri. Luther ta Kendrick Lamar da SZA, wadda ta yi mako 13 a na ɗaya, ita ce ta rage a wurin, sabuwar ƙa'ida ta share ta. To ka ga da hannun ƙa'ida a ciki. Sai dai kuma in gida ya dogara da ginshiƙi ɗaya, ba za a zargi wanda ya jingina da shi ba.

Alamar ta daɗe. A 2017 ne rap da R&B suka wuce rock suka zama abin da aka fi saurara a Amurka, kuma har yanzu su ne a gaba, amma rabonsu yana ɗan raguwa. A 2023, shekarar da aka yi bikin cika 50 da casun da DJ Kool Herc ya kaɗa a Bronx ranar 11 ga Agusta 1973, wanda ake ɗauka mafarin hip hop, sai da aka kai Yuli kafin kundin rap ya hau na ɗaya, na Lil Uzi Vert.

Anti Bilki:
To amma Malam ina sautin ya tafi? Shaboozey ya yi mako 19 a na ɗaya a 2024 da waƙar da aka lissafa a country, wato waƙar ƙauyen Amurka, alhali a kan waƙar J-Kwon ta 2004 ya gina ta. Post Malone da rap ya shigo, ya koma Nashville, cibiyar country. Morgan Wallen yana rera waƙar ƙauye a kan gangar trap, salon rap na kudancin Amurka. Bad Bunny da trap na Sifaniyanci ya fara. An kwashe kayan gidan an kai maƙwabta, sannan a leƙo a ce gidan ya yi fayau. A shekarar da ake cewa ta faɗi, Kendrick ya ci Grammy 5 da waƙar zambo guda ɗaya, bayan mako ɗaya ya tsaya shi ne jigon wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, a New Orleans.

Kawu Kaset:
Waƙar zambo kuwa ai gadon su LL ce. Ku tambayi Kool Moe Dee, ku tambayi Canibus, waɗanda ya yi gugar zana da su.

Amma bari in dawo da ku kan abin da ya sa na buɗe zancen, don ba jadawali ne ya dame ni ba. Gambara ba ta taɓa samun tsofaffi ba sai yanzu. Masu blues da jazz suna kaɗawa har su kai 80 ba wanda ke ce musu sun wuce lokaci. B.B. King yana hawa dandamali har ya haura 85. Ita rap tun farko an ɗauke ta wasan samari, ka kai 35 a fara yi maka kallon mai neman suna. Tsarar su LL yanzu ne suke shiga 55 da 60, kuma ba wanda ya riga su bin hanyar da za su tambaya. Tambayar ita ce, dattijo in ya riƙe makirfo me zai ce?

André 3000 ya ba da tasa amsar a 2023: ya fitar da kundin sarewa, babu baiti ko ɗaya, ya ce yana da shekara 48, ba ya jin yana da abin da zai rera, ko zancen zuwa asibiti gwaji da raunin ido ake so ya yi? Jay-Z ya ba da tasa a 2017 da 4:44, neman gafarar matarsa da zancen abin da zai bar wa 'ya'ya. Clipse suka buɗe kundinsu da rasuwar iyayensu biyu, wata 4 tsakani, kowannensu yana ba da labarin ganawarsa ta ƙarshe da ɗaya daga ciki. LL kuma a waƙar 30 Decembers ya ba da labarin yadda ya rufe fuska lokacin annobar korona ya shiga jirgin ƙasan New York, ya ga birnin da ya tashi a cikinsa ya sauya, yara ba su ma san wane ne ba. Attajiri, tauraro, wanda ya zama mawaƙin rap na farko da aka karrama a Kennedy Center a 2017, ya yarda a waƙa cewa ya yi nisa da titi. Yaro ɗan 20 ba zai iya rubuta wannan ba ko ya fi kowa baiwa, don bai rayu shekarun ba.

Ummi:
Ni kuwa Kawu ina ganin André ya fi su gaskiya. In ba ka da abin faɗa ka yi shiru. Kuma ba duk kundin LL ne haka ba, ai da labarin ɗaukar bindiga ya buɗe shi, shi da Snoop. In Lil Durk ne ya yi sai a ce yara sun lalace.

Kawu Kaset:
Labari ne ya tsara da muryar wani mutum da zaluncin 'yan sanda ya tunzura, ba kirarin kansa yake ba.

Ummi:
Haka lauyoyin Young Thug ma suka ce, labari ne. Su ba a yarda da su ba. Sai da California ta yi doka a 2022 don taƙaita amfani da baitin waƙa a matsayin hujja a kotu. Wa ke da ikon cewa nasa ƙirƙira ce, na wani kuma iƙirari? Wanda ya yi shekara 14 yana fitowa a jami'in tsaro a talabijin an ba shi wannan dama, yaron unguwa ba a ba shi ba.

Mai Sauti:
Ummi ta kama ka a nan Kawu, sai haƙuri.

Kawu Kaset:
Ta kama kotunan Amurka dai, ba ni ba. Ni ban taɓa cewa a ɗaure kowa don waƙa ba.

Ɗan Auta:
To jama'a, ina karanta ku ina sauraron kundin a gefe, yanzu na gama. Ga hukuncina, kuma ba na janye maganata ta farko. Murdergram Deux da Eminem wuta ce, ban zaci dattijon zai iya wannan gudun ba, numfashinsa bai yanke ba, kuma a kunnena bai bar Eminem ya taka shi ba. Ta Nas ma ta yi. Wadda Mai Sauti ya ce mai kora, na maimaita ƙarshenta. Amma amshi fa? Kusan babu waƙar da zan iya rera amshinta yanzu da na cire abin kunne. Mutumin da ya yi suna da waƙoƙin da kowa ke bi, ya dawo da kundin da sai ka zauna kamar mai bitar jarrabawa. Ya burge ni, amma gobe ba shi zan kunna ba.

Mai Sauti:
Da me ka ji shi?

Ɗan Auta:
Da abin kunne na waya mana.

Mai Sauti:
Nemi lasifika mai ɗaukar ƙasan sauti ka sake jin Saturday Night Special. Rabin aikin Q-Tip a can ƙasa yake, ƙaramin abin kunne yanke shi yake yi. Zancen amshi kuwa ban musa maka ba, Q-Tip bai taɓa zama mai farautar amshin rediyo ba, kuma ina jin da gangan LL ya je wurinsa maimakon masu yi masa irin na 2013.

Anti Bilki:
Kawu kuma aikin gidansa Alligator Bites Never Heal na Doechii, daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Waƙa 19 ce, kar ka ce sun yi yawa.

Kawu Kaset:
19? Malam Lissafi, ka ji ko, ita ma ta san ƙa'idar Billboard. Zan ji, amma sai an turo min da sunayen waɗanda suka haɗa mata kiɗan, in ga mutum nawa ne.